Attajiran Kano Da Yaƙin Shan-inna

Duk wanda ya san birnin Kano, ko da a bakin mutane ne, ya san gari ne na fatauci. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi a tsakiyar birni, fatake suna shigo mata ta kowace ƙofa, waɗansu da gishiri da kanwa daga arewa, waɗansu da goro daga Gwanja. Inda ciniki ya zauna kuwa, nan dukiya ke taruwa. Amma mutanen Kano tun can ba su yarda mai dukiya ya ci shi kaɗai ba. In mutum ya yi arziki, to, ƙofar gidansa ta zama ta jama'a. Ran Jumma'a almajirai su taru da ƙoƙunansu, lokacin zakka a fid da zakka, in rijiyar unguwa ta rufta shi za a duba, in baƙo ya mutu ba shi da kowa, daga gidansa likkafani zai fito.

Akwai abu guda a cikin wannan al'ada wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne gindin labarin nan duka. Attajiri ba shi ke bin lungu lungu yana neman mabukata ba. Limamin unguwa ne, ko mai unguwa, ko malamin makarantar allo, zai zo zaure bayan magariba ya ce wance mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, wane kuma ya kwana biyu bai fito ba. Sai a ba shi ya kai. Ba a rubutawa, ba a sa hannu, sau da yawa ma wanda aka kai wa ba ya sanin daga inda abin ya fito. Dukiya ta attajiri ce, amma hanyar da ta ke bi ta isa ga talaka, mutumin da unguwa ta amince da shi ne.

Cikin attajiran da suka tashi a kan wannan al'ada babu wanda sunansa ya kai na Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya jiƙansa. An haife shi a Bebeji cikin 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda fatauci ne gadonsu. Ya fara da goro, yana zuwa Gwanja da Ankara, kana ya zo ya zauna cikin birni, wajen Sarari da Ƙoƙi. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kamfanonin Turawa suka biyo shi suna neman gyaɗa ido rufe. To, amma Bature yana zaune a kantinsa bayan ganuwa, bai san manomin Bichi ba, bai san na Gaya ba, su ma ba su san shi ba. Dole ya nemi ɗan gari. Cikin 1918 Kamfanin Neja ya ɗauki Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa, shi ne kamfanin da daga baya, cikin 1929, aka haɗa shi da wani ya zama U.A.C. Kamfani ya ba Alhassan kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su kuma su bazu ƙauyuka, duk bisa amana. Da haka aka tara buhunan nan da a ke jerawa kamar tsauni, waɗanda a ke kira dalar gyaɗa. Ana ba da labari cewa cikin 1929 ya kai ajiya bankin Turawa, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Sadakarsa irin ta mutanen da ce, watau ciyarwa, da riƙon malamai, da biya wa mutane kuɗin zuwa Makka. 'Ya'yansa suka ɗora a kai, har suka shigar da ita cikin abubuwan zamani. Ɗansa Alhaji Aminu, wanda ya rasu cikin Yuni 2025 aka binne shi a Madina, shi ya gina wa Asibitin Malam Aminu Kano sashen wankin ƙoda mai sunan mahaifinsa. Wani ɗan nasa kuwa, Alhaji Sanusi, shi ya haifi mahaifiyar Aliko Ɗangote. An haifi Aliko a Kano cikin 1957, ya tashi a hannun wannan kaka nasa bayan rasuwar mahaifinsa. Cikin 1977 ya fara cinikin kansa, ya koma Ikko da zama, yana sayar da sukari da shinkafa da siminti, har ya kai ga kafa ma'aikatun yinsu. Cikin 1994 ya kafa gidauniya da sunansa, watau wani asusu dabam da na kamfani, mai ma'aikatansa da littattafansa, wanda ba shi da aiki sai taimako. Cikin 2014 ya keɓe mata dukiya ta dalar Amurka miliyan 1,250.

Yanzu sai mu bar attajirai tukuna mu dubi ciwon da za su yaƙa.

Akwai wahalar da tuwon ƙofar gida ke magani, akwai wadda ba ya kaiwa gare ta. Shan-inna tana cikin ta biyun. Mutanenmu na da sun ɗauka wata iska ce, Inna, ke shanye ƙafar yaro, daga nan sunan ya samo asali. Likitoci kuwa sun gano wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ke fita cikin bayan-gidan yaro, ta bi ruwa ko hannu mara wanki ta shiga bakin wani. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi kamawa. Mafi yawansu ba a ko ganin alama a jikinsu, amma suna raba ta ga 'yan'uwansu, kuma wajen ɗaya cikin 200 ta kan taɓa masa laka, ƙafa ta shanye har abada. In ta shanye babu magani. Abin da a ke da shi rigakafi ne, ɗigo biyu a baki, a maimaita sau da yawa. Wanda ya san cikin birni, da lungunansa masu ƙunci, da kwatami a buɗe, da kududdufai, da gida guda mai yara 20, ya san cuta irin wannan ta sami wurin zama. Ga kuma inda wuyar ta ke: in ka ciyar da mutum 100 ka bar 10, ka yi alheri ga 100. Amma in ka ɗiga wa yara 100 ka bar 10, cutar tana nan a cikin goman, tana jiran jariran baɗi. Aiki ne wanda sai an game kowa da kowa, kuma babu attajirin da zai iya wannan daga zaurensa.

Cikin 1988 ƙasashen duniya suka yi shawara a taron Hukumar Lafiya ta Duniya za su kawar da ita baki ɗaya. A lokacin tana shanye yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Ƙungiyar Rotary, wadda ta 'yan kasuwa da ma'aikata ce masu tara kuɗi don taimako, ita ta fara ɗaukar nauyi tun 1985, ga kuma UNICEF. Aiki ya yi ta tafiya, ƙasashe suna rabuwa da ita ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo Kano sai ya cije. Dalilin cijewar kuwa, ba za a gane shi ba sai an koma 1996.

A wannan shekara aka yi annobar sanƙarau wadda ba a taɓa ganin irinta ba, ta kashe mutane fiye da 10,000 a Nijeriya. Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ta fama dare da rana. Ana cikin haka sai wani kamfanin magani na Amurka, Pfizer, ya aiko da mutanensa su gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Suka ɗebi yara wajen 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani sananne. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfani ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, ba magani ba, kuma ya ce ya sami izini. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi, su sun ɗauka agaji ne kamar na maƙwabtan tanti. Aka yi ta shari'a a Amurka da Nijeriya, sai cikin 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ba ni ne alƙali ba. Amma abin da mutumin birni ya riƙe a zuciyarsa shi ne, baƙo ya zo da magani kyauta, ashe akwai magana a bayansa.

Saboda haka cikin 2003, da waɗansu manya suka tashi suka ce maganin shan-inna an gauraya shi da abin hana haihuwa, sai maganar ta sami kunnuwa a buɗe. Cikin masu faɗin haka har da Dokta Datti Ahmad, likita ne ɗan Kano, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, ba mutumin da za a ce bai yi karatu ba. A shekarar kuma Amurka ta shiga yaƙi da Iraƙi, zukatan Musulmi a dagule. Talaka ma yana da tasa tambayar, wadda ni a ganina ba ta wauta ba ce: ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓi an ce ya sayo magani, ƙyanda ta kashe na maƙwabcinsa, don me wannan ɗigo kaɗai a ke biyo shi da shi har ɗaka, ba ko kwabo? Gwamna Ibrahim Shekarau ya tsai da rigakafin. Aka kai maganin ɗakunan bincike a gida da waje, masana na Gwamnatin Tarayya da na Hukumar Lafiya suka ce lafiyarsa ƙalau. Ba a koma ba sai ƙarshen Yuli 2004, bayan wajen wata 11, da aka kawo wanda aka yi a Indunusiya, ƙasar Musulmi.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗi. Cutar ta bi hanyoyin da fatake da alhazai ke bi, ta koma ƙasashe wajen 20 waɗanda da sun rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indunusiya ɗin kanta. A Nijeriya cikin 2006 aka ƙidaya yara 1,122 da ta shanye. Sunan Kano ya shiga bakin duniya ta hanyar da ba mu so.

Daga nan masu aikin suka fara gane abin da Kamfanin Neja ya gane tun 1918, watau kuɗin baƙo ba ya tafiya a ƙasar nan sai da ɗan gari a gaba. Wani attajiri na Amurka, Bill Gates, wanda ya sami dukiyarsa a kamfanin Microsoft mai aikin kwamfuta, shi da matarsa ta lokacin, Melinda, sun kafa gidauniya cikin 2000, sun kuwa sa kawar da shan-inna a gaba. Cikin 2009 ya zo Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, a shekarar kuma sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kula da rigakafi. A Kano, Sarki Ado Bayero, Allah ya jiƙansa, ya riƙa ɗiga wa yara da hannunsa a bainar jama'a, umurni ya sauka daga hakimai zuwa dagatai zuwa masu unguwanni. Lissafi ya faɗo har zuwa 21 cikin 2010. Amma aka yi sake, sai ga shi ya koma 122 cikin 2012, fiye da rabin na duniya duka a wannan shekara.

A ƙarshen 2012 ne aka ƙulla alkawarin da ya sa na ɗauko labarin nan. Ɓangare uku suka sa hannu a Kano: Gwamnatin Jiha a ƙarƙashin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, da Gidauniyar Ɗangote, da Gidauniyar Gates. Ba shan-inna kaɗai suka nufa ba. Sun nufi gyara rigakafin yau da kullum, wanda a ke yi wa jariri a asibitin unguwa tun daga haihuwa, na tarin fuka, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da ƙyanda, da sauransu, domin in wannan ya tsaya da ƙafarsa ba a bukatar a yi ta bin gidaje har abada.

Ga yadda aka tsara. Aka buɗe asusu guda, kowane ɓangare ya zuba nasa rabon a ciki, ba a taɓa shi sai bisa tsarin aikin da aka rubuta tun farkon shekara. Aka shirya rabon gwamnati ya riƙa ƙaruwa kowace shekara, na gidauniyoyin yana raguwa, har a kai ga gwamnati ta ɗauki nauyin duka. Sau biyu a shekara kuma a zauna a duba littafi, gwamna da mutanensa a nan, attajiran biyu ta na'urar da a ke ganin juna daga nesa, a karanta ƙaramar hukuma kaza ta yi kaza, kaza ta gaza. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi na hukuma ya san abin da wannan ke nufi. Kuɗin da ba a tambayar inda ya shiga, ƙafa gare shi. Amma in ma'aji ya san nan da wata 6 za a karanta shafinsa a gaban gwamna, ga kuma mai kuɗin yana saurare, sai alƙalaminsa ya natsu.

Abubuwan da aka kashe kuɗin a kansu ba masu ban sha'awa ba ne ga ido, ba irin waɗanda a ke yanka ƙyalle a buga tambari ba. Maganin rigakafi ba ya son zafi, in ya kwana a rana ya zama ruwa kawai, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Sai aka sayi firij masu aiki da hasken rana aka rarraba asibitocin mazaɓu, Kano kuwa tana da mazaɓu 484 cikin ƙananan hukumomi 44. Da, ma'aikacin asibiti shi ke rufe ɗaki ya hau babur ya tafi neman magani, wani lokaci da kuɗin aljihunsa, uwa ta zo da jariri ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ba ta sake dawowa. Sai aka sa motoci masu sanyi suna kai wa asibitoci har ƙofa bisa ranakun da aka yanka. Aka buɗe wa asibitoci asusun banki, don kuɗin fita ƙauye ya isa hannun mai fitar.

Wajen jama'a kuwa aka koma ga mutanen nan na zaure. Aka ba mai unguwa littafi ya riƙa rubuta kowane jariri da aka haifa a unguwarsa, ungozoma da wanzami suna kawo masa labari, domin ba a suna ba su sani ba. A gwama littafinsa da na asibiti, wanda ba a kawo ba a bi sawu. Aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje inda namiji ba ya shiga. Guragun da cutar ta riga ta shanye, waɗanda ke da ƙungiyarsu a Kano suna ƙera kekunan hannu, su ma suka shiga, suna zuwa ƙofar mai gardama su ce ya dube su. Kuma aka amsa tambayar nan ta talaka, aka riƙa kafa rumfa a unguwa lokacin zagaye, ana duba marasa lafiya ana ba da maganin zazzaɓi da na gudawa kyauta. Ba duk wannan ne ya fito daga asusun nan ba, UNICEF da Rotary da Gwamnatin Tarayya kowa da nasa hannu a ciki, amma igiya guda a ke ja.

Kada a ɗauka a kan tabarma aka yi wannan aiki. Lokacin tashin hankalin Boko Haram ne. Ran 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa motar Sarki Ado wuta a cikin gari, Allah ya kuɓutar da shi, waɗansu daga cikin mutanensa suka rasu. Ran 8 ga Fabrairu, ko mako uku ba a cika ba, 'yan bindiga suka shiga asibitocin unguwa biyu a Kano da safe, suka harbe masu aikin rigakafi 9, galibinsu mata, suna shirin fita. Mata ne talakawa, abin da a ke biyansu a yini bai taka kara ya karya ba. In ana lissafin waɗanda suka ba da wani abu a wannan yaƙi, a fara da su kafin a zo kan masu miliyoyi. Allah ya gafarta musu. Bayan 'yan makonni 'yan'uwansu suka sake ɗaukar akwatunan sanyi suka fita.

Cikin 2013 aka sami yara 53 a Nijeriya, cikin 2014 aka sami 6. Na ƙarshe a ƙasar Kano a Sumaila ne, cikin Yuli 2014, wata guda da 'yan kwanaki bayan rasuwar Sarki Ado. Cutar ta sake ɓullowa a Barno cikin 2016, a wuraren da yaƙi ya hana shiga, daga nan ba a sake ganinta ba. Ran 25 ga Agusta 2020 aka yi shela cewa Afirka duka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Tsarin Kano kuwa aka kwafe shi aka kai Bauchi, kana Barno, da Yobe, da Kaduna, da Sakkwato. Cikin Janairu 2016 gidauniyoyin biyu suka sake ƙulla wani alkawari na dala miliyan 100 don yaƙi da tamowa.

Akan sami masu cewa, me attajiri ya bayar in an gwada da abin da ya samu, ga siminti da sukari kullum suna tashi? Maganar tana da wurin zama, kuma kyauta ba ta hana a tambayi ɗan kasuwa farashinsa. Amma ni abin da na fi dubawa dabam ne. Dukiyar Gidauniyar Gates ta fi ta Ɗangote nesa ba kusa ba, da kuɗi kaɗai a ke nema da ba ta bukaci abokin tarayya ba. Abin da Aliko ya kawo, wanda ba a saye, shi ne ana iya nuna gidan kakansa a Ƙoƙi. Mai gardama zai iya cewa Bature yana da wata manufa, amma da wuya ya ce jikan Sanusi Ɗantata ya haɗa baki a hana Kanawa haihuwa. Kuma shi ke iya yi wa gwamna magana da Hausa a kan kuɗin da aka yi jinkirin zubawa.

Saura in faɗi inda aikin bai kai ba. Har yanzu ana zagayen ɗigo, in ka bi lungunan birni za ka ga rubutun alli a jikin ƙofofi da shuɗin tawada a ɗan yatsan yara, domin akwai wani iri na cutar wanda ke tasowa daga raunannar ƙwayar da ke cikin ɗigon kansa, in ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Daga Disamba 2022 kuma mashaƙo ya ɓarke, ciwon da allurar jarirai ke hanawa sarai, kuma mafi yawan waɗanda ya kama a Nijeriya a Kano su ke. Aka sake cika Asibitin Zana da yara, likitocin MSF suka sake dawowa. Da aka bincika, da yawa cikin yaran ba a taɓa yi musu allurar ba ko sau ɗaya. Watau firij ya isa asibiti, amma ba kowane jariri ya isa wurin firij ba.

Takardar 2012 tun farko da wa'adi aka rubuta ta, an yi ta sabunta ta, amma ba a yi ta don ta dawwama ba. Cikin Mayu 2025 kuma Bill Gates ya ba da sanarwa cewa zai rarraba kusan dukan dukiyarsa, a rufe gidauniyar tasa ran 31 ga Disamba 2045.